Tsohuwa ta ruɗe, asiri ya tonu: abin da fim ke nuna mana da abin da muka gani a ɗakin Dada

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune a tsakar gida a nan Jekadafari, ni da Addata da autarmu, an ɗauke wuta zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai auta ta jingina wayarta jikin fulas ta kunna mana wani fim mai dogon zango da take bi a YouTube. Ba zan kama sunan fim ɗin ba don maganar ta wuce fim ɗaya, duk mai kallon finafinanmu ya sha ganin irin wannan zubin. Tsohuwa ce a kwance ta ruɗe, 'yarta na ba ta kunu a cokali, kawai sai tsohuwar ta damƙe hannunta ta zaro ido ta ce ke fa ba ni na haife ki ba. Kiɗa ya tashi, kofi ya faɗi ƙasa, hoto ya koma fari da baƙi aka kai mu shekara talatin baya, aka nuna mana komai dalla-dalla kaman tsohuwar kaset ce aka danna. Addata ba ta bari an gama ba ta miƙe ta ɗauki buta, tana tafiya tana cewa wallahi ba haka abun yake ba, waɗannan ba su taɓa jinyar tsoho ba.

Shekara huɗu muka yi muna jinyar kakarmu da ta haifi Mama, wadda duk dangi ke kira Dada, Allah ya jiƙanta da rahama, shi ya sa maganar ta tsaya min a rai har na ce bari in zauna in warware ta yadda na fahimta. Abu uku ake haɗawa a irin wannan fim, mantuwa da sirrin gida da abin da ke tsakanin uwa da 'yarta, kuma kowanne da yadda yake a zahiri.

Bari in fara yi wa marubutan adalci, don na gane abin da ya sa suke son tsohuwa ta ruɗe kafin ta yi magana. A gidajenmu uwa ba ta zama ta kalli 'yarta ido cikin ido ta ce zo in gaya miki abin da ya faru da ni a gidan ubanki. Babu wannan. Balle mu a Gombe da kunyar Hausa ta haɗu da fulakon Fulani, abin da suke kira semteende da munyal, wato kunya da haƙuri, mace za ta haɗiye abu shekara hamsin ta tafi da shi kabari kuma a yabe ta a ce ai wance akwai zurfin ciki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Toh marubuci yana son asiri ya fito, ga uwa kunya ta rufe mata baki, dole ya nemo abin da zai buɗe bakin, sai ya ɗauko ciwo ko gargarar mutuwa ko wata tsohuwar wasiƙa a ƙasan adaka. A rayuwa ta gaskiya kuwa mun san ta inda yawanci abu ke fitowa, gori ne, ranar biki ko ranar rabon gado ko faɗan 'yan uba, wata ta hasala ta ce ke har kina da bakin magana, je ki tambaya waye ya haife ki. Amma gori ba ya sa mai kallo kuka irin yadda tsohuwa a kan gado take sawa, shi ya sa ake zaɓar tsohuwar.

Inda nake da ja da su shi ne yadda suke ɗaukar ƙwaƙwalwar mai gigin tsufa kaman akwati ce da kwaɗonta ya ɓalle, duk abin da ya zubo daga ciki gaskiya ne tsantsa. Wannan kam kuskure ne babba kuma yana iya rusa gida, don mutanenmu abin da suka gani a fim suna tafiya da shi.

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci suna ce masa cutar mantuwa, kuma ba tsufan ne kaɗai ke kawo shi ba, ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, akwai masu shekara casa'in da hankalinsu ras. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu, kuma nau'in da ake kira Alzaima shi ne ya kwashe kashi 60 zuwa 70 na masu ciwon. Sunan ya samo asali daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda a 1901 aka kawo masa wata mata mai shekara 51 a asibitin birnin Frankfurt, sunanta Auguste Deter, ya bi ciwonta har ta rasu a 1906 sannan ya duba ƙwaƙwalwarta ya bayyana abin da ya gani. Ku ji abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin matar nan, cikin alamomin farko da aka gani a jikinta akwai zargin mijinta da ta riƙa yi cewa yana cin amanarta. Wato tun daga mutum ta farko da aka rubuta ciwon a kanta, zargi yana cikin ciwon. Yanzu a ce wannan matar a fim ɗinmu take, ai shikenan an kama mijin, kiɗa ya tashi.

Yadda abun ke aiki, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas, shi ke karɓar sabon abu ya adana, kuma shi cutar Alzaima take fara taɓawa. Shi ya sa sabon abu ke fara gudu, tsohon kuma ya daɗe. Wani masani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya rubuta wannan tun 1881, cewa mantuwa daga na kusa take farawa ta riƙa cin baya. Mu ba mu san da wani Ribot ba a lokacin amma mun gani da idonmu. Dada za ta ci tuwo ta wanke hannu, minti goma ta ce yau ba a ba ta komai ba tun safe, amma ta tuna sunan saniyar da babanta ya ba ta tana yarinya da kalar zanen da aka kai ta ɗaki da shi. Shekarar ƙarshe ma Hausar ta fara zille mata, matar da ta yi shekara sittin tana ciniki da Hausa ta koma Fillanci zalla irin na ƙauyensu ta wajen Kumo, mu jikoki da Fillancinmu bai wuce na gaisuwa ba sai dai mu kira Mama ta fassara. Wannan ma sananne ne ga masu harshe biyu, na yarinta shi ke saura.

Toh a nan ne masu fim suke cewa ai kun gani, tsohon abu yana nan daram, kenan idan ta faɗi abin da ya faru shekara talatin baya gaskiya ne. A'a. Ko mai cikakkiyar lafiya tunawarsa ba hoton bidiyo ba ce, duk sanda ka tuno abu sake harhaɗa shi kake yi, kana cike gurbi da abin da ka ji daga baya ba tare da ka sani ba. A 1974 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Elizabeth Loftus, da abokin aikinta John Palmer sun nuna wa ɗalibai ɗan gajeren fim na hatsarin mota, wasu aka tambaye su gudun motocin da kalma mai nuna sun yi mummunan karo, wasu da kalma mai sauƙi cewa sun bugi juna. Bayan sati ɗaya aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, cikin 50 na rukunin farko 16 suka ce sun gani, cikin 50 na biyu 7 ne kawai, alhali babu wani gilashi da ya fashe a fim ɗin. Kalma ɗaya ce fa ta dasa musu abin da bai faru ba, kuma matasa ne masu lafiya. Ina ga tsohuwar da ciwo ya cinye mata rabin hanyoyin ƙwaƙwalwa? Ita idan ta tarar da gurbi cike shi take yi da abin da ya zo mata, mafarki ne ko labarin maƙwabciya ko wani abu da ta ji a rediyo, ta faɗe shi da yaƙini har da rantsuwa, kuma ba ƙarya take ba don a wajenta haka ya faru.

Dada ta rantse cewa Mama ta sace mata kuɗin da ta ƙulle a bakin zani, ta faɗa wa duk wanda ya shigo gaisuwa, wasu har suna kallon Mama a kaikaice, bayan kwana uku muka tsinci kuɗin cikin kwanon goro a ƙarƙashin katifa inda ita da kanta ta tura. Ta ce kakanmu da ya rasu shekara ashirin yana zaure yana jiran ruwan alwala. Ta ce Addata kishiyarta ce, ta hana ta taɓa mata kwano. Yanzu don Allah a cikin waɗannan wanne za ka ɗauka ka kai gaban alƙali? Kuma abun yana ƙaruwa da yamma, daga la'asar sakaliya zuwa magariba sai ta tashi hankalinta ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida alhali tana gida, mutane suka yi ta cewa ai iska ne tunda da magariba yake tashi, aka yi ta hayaƙi da tofi, sai daga baya likita ya gaya mana cewa rikicewar yamma abu ne da aka sani ga masu wannan ciwo.

Addininmu ma bai bar wannan a buɗe ba. Alƙur'ani a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5 ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Wanda aka ɗauke wa alƙalami ta yaya za a yanke nasabar mutum da maganarsa? Suratun Nur aya ta 4 ta nemi shaidu huɗu ga wanda ya jefi mace da alfasha, in bai kawo ba bulala tamanin a kansa, sannan ga hadisin da ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin aure. Amma a fim jumla ɗaya daga bakin tsohuwa ta isa a fasa aure a kori yarinya daga gida, ba a ma nuna wani ya ce tsaya a tambayi malam ko a nemi wani babba mai hankalinsa.

Shi kansa sirrin gidan, yadda ake nuna shi kaman mutum ɗaya ne ya binne abu a rami babu wanda ya sani, ba haka gidajenmu suke ba. A wajenmu yawanci kowa ya sani, goggo ta sani, kawu ya sani, maƙwabta sun sani, mai abun ne kaɗai bai sani ba, an haɗu an yi masa shiru don a rufa asiri ko don kada ya ji ba daɗi. Kuma mafi yawan sirrin ba abin kunya ba ne irin wanda fim ke so, riƙo ne. Mace ta haihu an yaye yaro wajen shekara biyu, a kai shi yaye gidan kaka ko goggo, daga yaye ya zarce zama, ko a ɗauki yarinya a ba wa 'yar uwa da Allah bai ba haihuwa ba, ta tashi tana kiran marikiyarta Inna tana kiran wadda ta haife ta Adda ko Anti. Ko aure ya mutu uba ya karɓe 'yarsa ya damƙa wa matarsa, a ce kada wanda ya gaya mata. Alhali a mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya mace har ta yi aure ta tare, namiji har ya balaga, in uwar ta yi wani aure haƙƙin ya koma wajen kaka ta wajen uwa kafin a zo dangin uba. Al'ada ce ta rinjayi wannan hukuncin a gidaje da yawa, kuma daga nan ake samun 'yar da ta girma tana ganin uwarta ta yar da ita, uwar kuma tana can wani gari ba ta da bakin cewa a ba ta 'yarta.

Ni a ganina sirrin nan kashi biyu ne kuma finafinai suna cakuɗa su. Akwai wanda haƙƙin wani ke rataye a jikinsa, wannan ɓoye shi zalunci ne ko da niyyar kirki aka yi. Nasaba na ciki, Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, a kan haka aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da Zaidu ɗan Muhammadu. Shan nono na ciki, Suratun Nisa'i aya ta 23 ta haramta auren uwar da ta shayar da kai da 'yan uwanka na nono, kuma a Malikiyya ko kaɗan ne ya isa ciki cikin shekarun shayarwa ya haramta, toh a gidan da kishiyoyi da matan 'yan uwa suke ba wa 'ya'yan juna nono in uwa ta tafi rijiya ko ta kwanta ciwo, ga mu da auren zumunci, in tsofaffin da suka sani suka yi shiru har suka ruɗe wa zai faɗa? A Bukhari akwai labarin Uƙba ɗan Harisu da wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa, kuma ya rabu da matar. Gado ma haka, ɗan riƙo ba ya gadon marikinsa sai dai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, in ba a gaya masa da wuri ba ranar rabon gado zai ji a bainar jama'a, ga mutuwa ga tozarci. Har da ciwon da ke bin jini, irin sikila, wanda in masu AS biyu suka yi aure kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Irin waɗannan kam a faɗe su tun uwa na da hankalinta, a zaunar da yarinya cikin mutunci, kada a jira ciwo ko gori ya faɗa mata.

Ɗaya kashin kuma shi ne abin da ya shafi mutum shi kaɗai da Ubangijinsa, kuskuren ƙuruciya da aka tuba, ko wulaƙancin da mace ta sha a gidan miji ta zaɓi ta haɗiye. Wannan ba hurumin 'ya ba ne ta tono, hadisin Muslim ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Abin da ke ƙona min rai a finafinan shi ne yadda ake nuna 'ya tana tsare uwarta mara lafiya da tambaya kaman 'yar sanda, sai kin faɗa min, sai kin faɗa min, ana nuna ta a matsayin jaruma mai neman gaskiya. Uwar da aka ce ko tsaki kada a yi mata in ta tsufa a hannunka, Suratul Isra'i aya ta 23.

Sai abin da ya fi komai taɓa ni, wanda saboda shi na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun. Mama 'yar fari ce a wajen Dada. Duk wanda ya tashi a nan ya san me wannan ke nufi a zamaninsu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ma sai a kau da kai wata ta ɗauka. Da aka yaye Mama sai goggonta, yayar babanta, ta tafi da ita Dukku, can ta girma can aka yi mata aure. Mama ta sha gaya mana cewa tunda take ba ta taɓa jin sunanta a bakin Dada ba, sai dai ta ce ita wannan, ko yarinyar Goggo, da muka zo duniya ta koma uwar yaran nan. In Mama ta je gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta juya tana hira da ƙannen Mama. Mama ba ta taɓa cewa an ƙi ta ba, ba ta da wannan bakin, amma mu 'ya'yanta mun san akwai wani abu da ya tokare mata a ƙirji, don ranar da aka ce a kawo Dada gidanmu jinya ta ce toh kawai, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

A shekara ta uku da ciwon sai Dada ta fara wata tambaya kullum da yamma, da Fillanci, tana kallon ƙofa. Sun dawo da ita? Wa, Dada? Sai ta kira sunan Mama, sunanta na yanka, gatsau, ta ce yarinyar nan ba ta iya cin tuwo in ba a saka mata nono ba, su can ba su sani ba, kuma sanyi ya shigo ba a tafi mata da zanenta ba. Tana faɗa tana kallon Mama, mace mai shekara kusan sittin da jikoki, wadda ke durƙushe tana shafa mata man zafi a ƙafa, ba ta gane ta ba sam, a wajenta wannan wata baiwar Allah ce mai kirki da ke zuwa taimakonta. Ran farko Mama ta ajiye man ta fita bayan ɗaki, muna jin kukanta.

Kuma ko wannan ban yarda mu ɗauke shi haka kawai ba, tunda bakin da ya faɗe shi shi ne ya ce an sace masa kuɗi. Muka shirya ni da Addata muka je Kumo wajen ƙanwar Dada da muke kira Yafendo, ita da hankalinta garau, muka tambaye ta. Ta yi shiru ta ce wa ya gaya muku, sannan ta ce ranar da aka tafi da Mama Dada ba ta ce uffan ba, ita ta ɗaure mata kayan ma da hannunta, amma ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki, da dare ta kan shiga bayan rumbu ta yi kuka, kuma duk wanda zai je Dukku sai ta ba shi man shanu a ɗan kwano ta ce a kai wa Goggo, ba ta taɓa cewa a kai wa yarinyar ba. Mama ta tuna man shanun. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka zumunci ne tsakanin Dada da dangin mijinta.

Irin wannan ne ban cika gani a fim ba, kullum sai cikin shege ko musanyar jariri a asibiti ko dukiyar da aka ɓoye, alhali ga abin da ke cikin gidajenmu birjik wanda ba ya buƙatar kiɗa mai tada hankali. Haka ita kanta jinyar ba a nuna ta, a fim tsohuwa tsaf-tsaf cikin farin mayafi, ba a nuna wankin zanen fitsari da asuba, ba a nuna kulle ƙofar gida da kwaɗo don kada ta fice, ba a nuna ranar da ta fice ɗin aka samo ta wajen Tashar Dukku tana tambayar motar ƙauyensu. Allah ya sa wani mai shago ya gane ta, don mun san yadda ake yi wa tsofaffin mata da aka tsinta suna surutai a wasu wuraren, nan da nan a ce mayya ce ta faɗo, yara su bi ta da jifa, ita kuwa ciwo ne ya fito da ita. Sannan a daina nuna cewa mai mantuwa zai sake buguwa a kai ko ya ga wani hoto komai ya dawo, cutar Alzaima har yau ba ta da maganin warkewa, sai dai na rage wasu alamomi ko rage mata sauri. Amma a kai tsoho asibiti duk da haka, a nan muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, don wata ruɗewar daga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki take, wadda kula da jinin ke rage saurinta, wata kuma daga ƙarancin sinadarin B12 ko ciwon maƙoƙo ko ciwon fitsari ko wani magani da yake sha, kuma waɗannan ana iya magance su. Musamman in tsoho lafiya lau ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan kada a tsaya cewa tsufa ne, a tafi a ranar.

Likitan da ya duba Dada ya ce mana kada mu riƙa musu da ita, in ta ce kakanmu na zaure kada a ce ai ya rasu, don kowane faɗi sabuwar mutuwa ce a wajenta, a bi ta a hankali a karkatar da hirar. Toh haka Mama ta koma yi. Duk yamma in Dada ta kalli ƙofa ta ce sun dawo da ita, sai Mama ta gyara mata filo ta ce da Fillanci, sun dawo da ita Dada, tana nan, ta ci tuwonta da nono, an lulluɓe ta. Sai Dada ta ce yauwa, ta kama sunan ta sake faɗa, ta ce kada a bari ta fita ba takalmi. Wata takwas suna wannan kullum har ranar da Allah ya karɓi abarsa, wata Talata bayan sallar asuba, kanta a kan cinyar Mama.